Layi Shida Na Baba Tagwai

Ƙarfe shida da rabi na safe, Baba Albert Tagwai ya riga ya baro unguwar Television a kan kekensa, rula a aljihu, jan biro a kunne. Shekara goma sha tara ya yi a wata masaƙa a Kakuri, biyar na ƙarshe a ɗakin kwamfuta. Shirin kwamfutar da ke jera shafukan littafin umarnin injina daga Turai aka kawo shi, amma Baba ne mai jinyarsa. Yau kan magana ya karkace, gobe lambobi sun hau kan juna, jibi firinta ta cinye ƙarshen layi. Sai ya aza rula, ya ƙirga, ya koma ya gyara. 'Yan ofis suna masa ba'a, wai Baba Tela. Mu masu taifin muna gefe, namu ido.

A masaƙar nan, in an buga littafin, yage shi ake yi shafi-shafi, a manna wa kowane inji nasa a jiki. Da takarda ta yi wuya a 1986, Oga Wilson, shugaban sashenmu, ya sayo wata gajera. Kwamfuta na zuba layi saba'in da biyu, takarda na ɗaukar sittin da shida, ragowar su gangara shafi na gaba.

"Oga, a ba ni kwana biyu in gyara," in ji Baba.

"Baba Tela, riga za ka ɗinka? Abeg buga mana, rubutu ai rubutu ne."

Ya buga.

Bayan wata biyu, Nuhu mai kula da injin tsefe auduga ya kashe wuta, ya buɗe murfi, ya sa hannu. Ashe gangar ciki ba ta gama juyawa ba. Yatsu uku suka tafi. Kwamiti ya zauna, aka ce gargaɗi na cikin littafi, shi ne bai karanta ba, a sallame shi. Mutum mai 'ya'ya huɗu a Tudun Wada.

Celina mai shara ta ga Baba yana bin injina ɗaya-ɗaya da rularsa. A jikin injin da ke maƙwabtaka da na Nuhu, can saman shafi, ya tsinci layi shidan: a jira minti biyu bayan kashe wuta kafin a buɗe murfi. Ya ɓanɓaro shafukan biyu. Ina ɗaukar bayanin zaman kwamitin ya shigo, ba wanda ya kira shi, ya haɗa su baki da baki a kan tebur.

"Ranku ya daɗe, Nuhu bai ga wannan ba. Gargaɗin bai taɓa zuwa injinsa ba."

"Wa ya buga?" in ji shugaban kwamitin.

"Ni. Na san takardar ba ta kai ba."

Bai ambaci sunan kowa ba. Oga Wilson na ta kallon fanka.

An bar Nuhu a bakin aiki, aka mai da shi sito. Baba ya gyara shirin, yanzu shirin ba ya buga komai sai ya tambayi tsawon takarda. Disambar bara da aka zo rage ma'aikata, sunansa ne na biyu. Ko lemon sallama ba a buɗe masa ba. Oga Wilson kuwa an ƙara masa girma.

Baba, kai ne mai ƙirga abin da kowa ya raina. Kai ne ka ɗauki laifin da rabinsa ma ba naka ba ne, don wani ya ci gaba da ciyar da gidansa. Ranar nan na san wanda ya hana ka kwana biyun, na sunkuyar da kai ina rubutu. Ka yafe mini. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku masu aiki da takarda, in dattijo ya ce a jira ya ƙirga, ku jira. Nuhu na nan a sito, yana koyon sa hannu da hagu.