Littafin da Ya Zo Babu Bango

Khala Johura ba 'yar'uwar mahaifiyata ba ce, maƙwabciyarmu ce a Rajshahi, amma duk yaran layinmu Khala muke kiran ta, wato inna. Tun tana budurwa sana'arta ɗaya ce, naɗa 'yan jakunkunan takarda da masu shago ke zuba wa mutane gyaɗa da soyayyar shinkafa a ciki. Dillali ke kawo mata tsofaffin littattafai a ɗaure, bayan ya yage bangayensu ya sayar daban, ya warware ɗinkinsu. Ita kuwa ta dama fulawa, ta zauna a baranda tana naɗewa tana mannawa. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ba ta shafa wa takarda fulawa sai ta karanta abin da ke jiki.

Ɗanta ɗaya ne, Tipu. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi, wani ɗauri ya zo da labarin wata yarinya da ta sauka matakalar tafki, ta ɓullo a zamanin da uwarta take ƙarama. Khala ta karanta masa shafi, ta manne shi, ta ɗauko wani. Ɗaurin ya ƙare, labari bai ƙare ba. Tipu ya tambaye ta ko yarinyar ta koma gida, ta ce za ta nemo masa. Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, ya rasu.

Ban san wannan ba sai bara, da yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta kira ni ta kan katanga.

"Shiuli, ke da kike jami'a, ba a koya muku littattafai ne? Ki nemo mini wani kafin idon nan ya gama tafiya."

"Mene ne sunansa, Khala?"

"Da na san sunansa zan kira ki? Akwai tafki. Akwai kwalekwale, da wani aku mai zagin mutane."

Ni da ko farashin albasa nake jin nauyin tambaya, haka na riƙa bin layin masu tsofaffin littattafai. Wani mai shago da na tambaya ya ɗaga murya ya ce wa maƙwabcinsa, "Mokhles, 'yar jami'a na cigiyar aku, ko kai ne?" Mokhles ɗin ya ce, "Aku na shagonka yana karɓar kuɗi." Amma shi ne ya ba ni kujera, ya bar ni ina tonon buhunansa duk Juma'a.

A nan na sami littafin tafkin. Na karance shi tas, babu kwalekwale, babu aku. Na ɗauka ba shi ba ne. Sai bayan sallah na ci karo da wani, labarin wata yarinya 'yar masunta da akunta, shi kuma babu tafki. Da na jera su sai na ga girman takardarsu ɗaya, bugunsu ɗaya. Dillali ne ya cakuɗa shafukansu a ɗauri guda, Khala ta karanta su a matsayin labari ɗaya.

Na kai mata, na yi mata bayani. Ta daɗe tana shafa bangayen da yatsunta.

"Shi ya sa," ta ce. "Tipu yakan ce yarinyar nan ba ta da zama, yanzu tana tafki, an jima tana kwalekwale. Ni kuwa in ce masa haka masu yawo a zamani suke."

"Khala, in faɗa miki ƙarshen?"

"A tsaye, kamar mai sallamar baƙo? Zauna. Karanta shafi ɗaya nan, ɗaya can, yadda ya ji shi."

Haka muka yi har la'asar, ina karantawa, hannunta na naɗa takarda ba tare da ta duba ba. Da akun ya yi zagi ta ɗan murmusa. A shafin ƙarshe yarinyar ta hau matakalar tafki, kayanta jiƙe, ta tarar da uwarta a sama tana jiran ta.

Khala ta ajiye kwanon fulawar. Ta juya wajen ɗakin da yanzu take tara ɗaurin takardu a ciki.

"Ta koma, Tipu," ta ce.