Mai Kai Gida

Duk wanda ya yi rashi a Sabon Tasha, in dai ɗan kudancin Kaduna ne, kafin hawayensa su bushe wani zai ce a kira Azariya. Mutanenmu dai sai su: mutum ya ƙare rayuwarsa a gidan haya a Kaduna, amma ranar da ya rufe ido dole a mayar da shi ƙasar kakanninsa, ko da gidan nasu ya zama kango. Wannan mayarwar ita ce sana'ar Azariya. Ɗan Godogodo ne, gajere, mai gardamar tsiya, kuma ya daɗe yana yi har sunansa ya ɓace, ya koma Mai Kai Gida. Abin taƙamarsa ɗaya ne, yana kuma faɗa ko ba a tambaye shi ba: gawa ba ta taɓa kwana a hanya a hannunsa ba.

Da wata tsohuwar bas ya fara. Da masu tare hanya suka shiga shimfiɗa katako mai ƙusoshi a kan kwalta don direba ya tsaya su yi awon gaba da mutane, sai wani dillalin motoci mai suna Justin ya nuna masa wata jif 'yar Beljiyom.

"Oga, ka ga taya nan?" in ji Justin. "Ko ƙusa ya shiga shi, ba ya kwanta. Kana tafiya naka kawai."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Irin tayar nan gefenta kauri gare shi, in iska ta fita tana iya kai mota ɗan zango, a hankali, ba lodi, har wurin gyara. Ba a yi ta don ta ja kaya alhali babu iska a cikinta ba, kuma motar ko wurin ajiye safaya ba ta da shi. Azariya ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi, ya sayar da bas ɗinsa. Ya sa mai walda ya haɗa masa 'yar tirela mai ƙafa biyu, akwatin gawa ya hau can, masu makoki su zauna cikin jif. Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba wadda ke kunnawa in iskar taya ta ragu. Ta dame shi da ƙyaftawa, shi kuwa a saninsa motar Beljiyom ba ta rabo da ƙorafin banza, sai ya manna mata sitikar coci.

Matarsa Milka, mai buga tulu a Zumuntar Mata, ta gani ta girgiza kai.

"Baban Emilia, ka rufe wa mota baki. In yana ciwo, yaya zai gaya maka?"

"Ni ne direba ko ke?"

Ta yi dariya ta ƙyale shi, yadda ta saba ƙyale shi tun suna da ƙuruciya.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Milka, ya cinye ta a hankali. Da ta ga abin ba na tashi ba ne, ta riƙe hannunsa a gadon asibiti ta roƙe shi abu biyu.

"Kada ka sa ni a firji na mutuware, ni ba kifi ba ne. Kuma ka kai ni gida, kusa da Mama, ƙarƙashin mangoro."

Ya ce ta daina irin wannan magana. Da ta ƙi sakin hannun, ya ce ai aikinsa ke nan, in ya kai na wasu zai kasa kai nasa ne?

Ta cika da asubar wata Juma'a, cikin tsananin zafin Maris. Kafin hantsi an yi waya Godogodo a fara haƙa. Aka ɗora akwatin a tirela, aka jera masa buhun shinkafa, da kujerun roba, da manyan tukwanen girkin makoki. Matan Zumunta suka cika jif har da cinya, 'yarsu Emilia a gaba. Shi ya tuƙa da kansa, bai yarda wani ya karɓe shi ba.

A Kachia suka tsaya shan ruwa, Emilia ta ce tun ɗazu tana jin kamar motar na ja gefe ɗaya. Azariya ya zagaya baya, ya yi abin da kowane direba ke yi tun da aka fara mota a ƙasar nan: ya dubi taya, ya sa ƙafa ya shure ta. Tana nan tsaye, tauri kamar dutsen niƙa.

"Lafiya nashi ƙalau," ya ce. "Ku shiga."

Ashe tun tuni ƙusa ta shige ta, babu ko numfashin iska a ciki. Da tayar tsohuwar bas ɗinsa ce, da ta kwanta warwas ta tona kanta, mai faci na zaune ga shi can gindin bishiya. Wannan kuwa an yi ta ne don ta ɓoye ciwonta. Ya taka mota da ƙarfi don su isa da rana, nauyin tirela duk a kanta. Ba su kai Zonkwa ba warin roba ya cika motar, sai ƙara, tayar ta yi filla-filla, ƙarfen ƙafar ya ci kwalta ya lanƙwashe.

Ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Wa zai tsaya wa motar da ta lalace a dajin nan? Kowa tarko yake ɗauka. Wanda ya rage gudu kuma, da ya hangi akwati sai ya ƙara wuta. Mutanen wani ƙauye da ke gefen hanya ne suka ji waƙar matan, suka zo suka tura tirelar da hannu zuwa inuwar cocinsu. Aka nemi irin tayar a Kachia da Kafanchan, babu, sai Kaduna. Aka samo mota daga Kafanchan, sai labari ya bazu cewa an tare hanya gaba da Zonkwa, direban ya kashe wayarsa. Washegari ma ba wanda ya yarda ya fito.

Da ranar Asabar ta take, matan suka fara ja da baya daga inuwar, suna rufe hanci da bakin zani a ɓoye don kada ya gani. Ya gani. Faston ƙauyen, Pasto Kaleb, ya ja shi gefe.

"Baba, ko a koma da ita mutuware na Kachia, ko ku bar mu mu ba ta wuri a nan. Ku ji tausayi nata."

Alkawari biyu ya ɗauka, ga shi dole ya karya ɗaya, shi da ya sha alwashin cika duka. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara, har da majina. Sannan ya ce ba za a sa ta a firji ba.

Baƙi ne suka haƙa mata, a bayan cocin da ba ta taɓa shiga ba. A bakin kabari Pasto Kaleb ya ce kada kowa ya damu, 'yar'uwarmu ta riga ta isa gida. Jama'a suka ce amin. Azariya ya san gidan da ake nufi, ya kuma yarda da shi, amma ba can ta ce ya kai ta ba.

Har yau yana aikin, don ciki ba ya hutu. Ya sa tayoyi na kowa da kowa, ya ɓare sitikar, ya daina gardama. In ya zo daidai ƙauyen nan da gawar wani a baya, yakan rage gudu, masu makoki su ɗauka rami ya gani. Ana kiransa Mai Kai Gida yana amsawa. Ramin da aka haƙa wa Milka ƙarƙashin mangoro kuwa ya hana a cike shi, damina ta zo ta cika shi da ruwa.