Amsar da na ba Wattini a bayan Baba Liman

Yanzu mutanen ƙauyenmu sun saba da baƙon da ke salla daban da tasu. Shekarun baya kuwa ba haka ba ne. Iri ɗaya aka sani, kuma ba a jin muryar kowa a bayan liman sai in ya yi kuskure ana son a gyara masa.

A lokacin na dawo daga gabas bayan shekara goma sha ɗaya. Na bi ayari ta Borno da Wadai, na tsinci Barbarci a hanya, Larabcina ya nuna a Masar. A Borno shiru ake yi a bayan liman kamar namu. A Masar kuwa na zauna cikin Shafi'awa, waɗanda in aka karanta ayar rahama sukan roƙa, in ta azaba ce su nemi tsari, in tambaya ce su amsa. Abin ya burge ni, na ɗauko shi tare da rawanin da nake taƙama da shi.

Limaminmu, a nan yamma da Zakirai, ƙanin mahaifina ne. Ranar da na iso, a sallar magariba, ya ja Wattini. Da ya kai ayar ƙarshe, mai tambayar ko ba Allah ne mafi iya hukunci ba, sai na ce "Bala", wato ƙwarai kuwa, da muryar da na tabbata sahu ya ji.

Baba ya tsaya. Ya maimaita ayar. Ni kuma, da na ga an sake tambaya, na sake amsawa. Ya ja ta a karo na uku, sannan ya yi ruku'u.

Kwana biyu ladan ke jan salla. Na ɗauka ciwon ƙafa ne ya hana Baba fitowa, har matarsa ta tare ni a bakin rijiya.

"Alhaji, da ka san ya karya karatu, ba sai ka same shi a zaure ba?"

Na iske shi a gona yana ɗaure dammunan gero. Bai ɗago ba.

"Faɗa mini wurin," in ji shi. "Shekara talatin haka nake karanta ta. Sallar mutanen nan duk a wuyana take. Na bar limancin, amma ina son in sani."

Kunya ta rufe ni. Na ce masa ko wasali bai karya ba, na bayyana abin da na gani a Masar.

Sai ya ɗago ya kalle ni. "Wato ba da ni kake ba."

"Ba da kai ba, Baba."

"To su da malamansu, ban ce sun ɓata ba. Mu a wajen namu, nafila ce wurin wannan. In kai kaɗai ne, roƙi har hantsi. A farilla saurare ne naka, amin ɗin ma a ɓoye. Tun kana tallar gyaɗa na koya maka."

Ya sa na tashi bayan la'asar na faɗa wa jama'a da bakina cewa bai karya ba. Na faɗa, ana ta murmushi.

Abin da na ɗauko ba ƙarya ba ne, har yau ina yin sa a nafilata. Sai dai ban tambayi yadda za a ji shi a nan ba, na fi damuwa da a ji ni. Baba ya koma limanci, ya ƙara shekara shida. Amma ban sake jin ya karanta Wattini a bayyane ba har ya rasu.