Fallen Da Baba Mai Kwali Ba Ya Buga Wa Ƙusa

Kullum da hantsi za ka same shi a rumfarsa ta bakin ruwa, durƙushe cikin sabon kwale-kwale, da almakashi da tsohon kwali a hannu. Shi ya sa muke ce masa Baba Mai Kwali. Aikinsa shimfiɗa filawud, wato fallayen katako, a kan haƙarƙarin jirgi, inda fasinja ke takawa da inda suke jingina. Ba ya sa wa katako zarto sai ya yanka siffar wurin a kwali ya gwada, don cikin jirgi duk lanƙwasa ne.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake ɓata fenti a bayan falle, fuskar da ba mai gani. Ya ce, "Kai ne ba ka gani, Malam. Ruwa yana gani." Wannan na gane. Abin da ya ɗaure min kai shi ne falle guda na tsakiyar daɓen jirgi, wanda ba ya sa wa ƙusa ko gam, sai 'yar sakatar katako. Masu jirgi suna ta mita, wai yana ƙara in an taka. In na tambaya sai ya ce, "Miƙo min samfefa."

Wani matuƙi ne ya ba ni rabin amsa. Ya taɓa gogar kututture da jirgin da Baba ya yi wa daɓe, jirgi cike da mata da yara. Ya zare sakata, ya ɗaga fallen, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa. Ya toshe da rigarsa, mata suka yi ta kwasa da kwano har gaɓa. Ya ce, "Wallahi da a buge yake da ƙusa, da sai dai wani ya ba ka labarin."

Sauran rabin, Inna matar Baba ce ta faɗa min. Jirgin farko da ya gama, ya rufe ko'ina ruf, gwanin sha'awa, ya ba ƙanensa. Ruwa ya taru a ƙarƙashi ba wanda ya gani, har jirgin ya yi nauyi a tsakiyar kogi. Ƙanen bai dawo ba. Na ji kunyar nacina.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, zai ajiye zarto. Jirginsa na ƙarshe na surukinsa ne, wanda zai riƙa ƙetarar da jikokinsa makaranta. Na ga ya lalubo sakatar da yatsu, ya kama hannun surukin ya ɗora a kai, ya sa shi ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

Baba, kai ne ka mai da baƙin cikinka ƙofa ga 'ya'yan wasu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma kafintoci masu tasowa, ku je ku koya tun yana iya kama hannunku. In mai jirgi ya ce fallen yana ƙara, ku bar shi ya yi ta mita, ai mai rai ne ke mita.