Tambayar da Yaya Isufu Ya Bari a Ordinatur

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isufu, Allah ya jiƙansa, amma bana sai da ya sake tsoma baki a harkar garkata.

Malami ne, yana koyar da yadda ake zaɓen wurin tare ruwa a gina baraj. Ga shi da tambayar tsiya. Ko shayi ka miƙa masa, sai ya so jin rijiyar da aka ɗebo ruwan. Da ciwo ya hana shi hawa duwatsu da ɗalibai, sai ya zauna ya zuba duk tambayoyinsa cikin wani lojisiyel, wato manhaja, a ordinatur, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ɗalibi ya nuna wuri, na'ura ta tsare shi: yashi ne a ƙasa ko dutse? Kwarin yana da ƙunci? Rana ba za ta shanye ruwan ba? Sai ya amsa duka kafin ta ce wurin ya yi ko bai yi ba. Ni kuwa na dinga zolayarsa, ina cewa damun mu bai ishe shi ba, sai ya koya wa ƙarfe surutu.

Garkar albasata tana bakin kori, wato rafin yashi, bayan garin Agadas. Rijiyarta ba ta cika sai kori ya kawo ruwa da damina ya jiƙa yashi. Bana aka ce za a gina baraj sama da mu. Wallahi hankalina ya tashi, don in aka tare ruwan can, rijiya ta ƙafe, albasa ta mutu, alhali da ita nake ciyar da gida har da marayun Yaya.

Ina cikin wannan zullumi sai ga injiniyoyi biyu masu aikin baraj ɗin, mace da namiji, waɗanda suka yi karatu da lojisiyel ɗin Yaya kuma ba su daina aiki da shi ba. Ba su san ni ba. Suka ce abin ya ƙi gaba, ya kafe kan tambaya guda, shi ya sa suke bin garake. Macen ta karanta mini:

"To, na ƙasa da ku fa, me za su sha?"

Sai na zauna a bakin rijiya. Maganar Yaya ce sak, har da "to" ɗin.

Suka auna rijiyoyinmu, suka tafi. Daga baya aka mai da baraj ƙasa da garake, inda ruwa zai tsaya ya nutse cikin yashinmu. Da Yaya yana nan, na san ba zai yaba musu ba tukuna, sai ya ji ko sun leƙa waɗanda ke ƙasa da sabon wurin. Na tambaye su a madadinsa, suka ce sun leƙa.

Yau rijiyata cike take, raina kuma fes. Duk safiyar da na ja guga, sai na yi masa addu'a, sannan in ba shi amsa: Yaya, na ƙasa sun sha.