"Babu" ɗin da na ce wa likita

Jama'a, kun saba ganin hotunan garejina da gardamar ƙwallo. Wannan maganar kuwa kusan shekara arba'in ina riƙe da ita.

A shekarun tamanin na kafa garejin walda a Tirkaniya. Ko guduma ba wanda ya ba ni, kuma kowa sai da na gaya masa hakan.

Sai jiri ya fara. Numfashi ya gaza, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata Talata na yanke jiki na faɗi, ƙarfe a hannuna.

A asibiti suka manna mini wayoyi a ƙirji. Kullum safe nas ta kama hannuna ta ji bugun zuciya, ta girgiza kai. Na tsorata, ban nuna ba.

Likita ya ce, "Malam Bitrus, a danginku akwai wanda ya faɗi ya mutu haka kawai?"

Babana a gona ya faɗi, da ƙarfinsa. Wana ma haka. A ƙauyenmu sammu ake cewa, kuma gidan sammu ba a neman aure a cikinsa.

Na ce, "Babu."

Matata Rahila ta dube ni. "Baban Iliya..."

"Ke, da ni likita yake magana."

Magani ya riƙe ni, daga baya aka sa mini batir a ƙirji. Na miƙe, na koma walda. Ba wanda ya duba yarana, don na ce babu dalili.

Ɗana Iliya ya faɗi ya mutu a Barnawa yana wanke mota, bai kai talatin da biyar ba. Dangina suka ce jinin uwarsa ne. Na bar su suka ɗora mata laifin.

Bara 'yata Laraba ta matsa aka aika jinina waje, aka karanta ƙwayoyin gadona. Wata likita ta ce akwai wani sinadari da ke tokare cibiyar kowace ƙwayar jiki, kamar ƙarfen rufin shago. Na ɓera da na kaza ma kusan irin namu ne, don halitta ba ta yarda a taɓa shi. A nawa harafi ɗaya ya kauce, shi ya raunana zuciyata.

Laraba ta ce, "Daga wajenka ne, Baba."

Rahila ba ta ɗaga murya ba. "Tun Talatar da ka faɗi na sani. Ɗauki waya ka kira danginka."

Na kira su ɗaya bayan ɗaya, tana zaune tana ji.

An gwada Laraba, tana da shi. An sa mata nata batirin kafin ta faɗi. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, na gode wa Rahila da ban cancanta ba.

In likita ya tambaye ku yadda iyayenku suka mutu, ku faɗa masa. Ba don ku kaɗai yake tambaya ba.