Sabulu a Murfin Tanki

Ranar nan ba ta fita raina, kuma tun yanzu ku sani, wawan labarin ni ne. Lokacin ina kula da injinan ban ruwa a fadamar Gummi. Firamare rabi na yi, amma da yake ina iya karanta lambar fulogi, manoman albasa suka naɗa ni Injiniya. Na karɓi sarautar hannu biyu.

Ga wanda bai sani ba, murfin tankin fetur yana da 'yar huda kamar ta allura, ta nan tanki ke numfashi. Ni da zurfin ilmina na yanke hukunci cewa ta nan mai ke sulalewa in rana ta take. Na samo sabulu na liƙe ta tsaf.

Cikin bazara ne. Inji ya yi ta shaƙewa har ya mutu, na bar shi a rana na tafi azahar. Da na dawo, na sunkuya, fuska a kan murfi, na murɗe shi gaba ɗaya. Fetur ya yi tsiri, ya cika mini ido da gemu. Duniya ta yi duhu.

Abokin aikina Mamman, mutumin Gwashi, yana gasa rogo nan kusa. Ya fara tura ƙasa kan wutar, sannan ya ja ni bakin ruwa, ya yi ta kwara mini, ya hana ni murzawa. A kan babur zuwa asibiti, tunanina ɗaya: wa zai riƙa ja mini sanda?

Likita ya wanke, ya ce idon ya tsira. Da na buɗe, ban taɓa ganin kyakkyawa kamar Mamman ba, har da giɓinsa.

Saboda haka, yara, kada ku toshe hudar. Ku kashe inji, ku bar shi ya huce a inuwa, nesa da wuta. Ku ɗora tsumma kan murfi, ku kau da fuska, ku sassauta kaɗan, sai hucin ya ƙare ku buɗe.

Da na koma gida ranar, na zauna ina yi wa mai ɗakina, Kulu, wannan karatu, har da yi mata faɗa saboda ta yi dariya.

Ta ce, "Malam, tanki halinka ya ɗauka. Shi yi shiru, shi cika, shi fashe ga huskar wanda ke kusa. Yau ka ɗanɗana abin da nika sha."

Na nemi ruwa na sha.